Cinikin da Zanzaro Ya Ɓata Min

Shekarun baya, a daminar da baƙuwar tsutsar nan mai cin masara ta fara shigo mana, na yi wani ciniki da gwaggona wanda har yau yake dawo min a rai. Sana'ata sayar da iri da taki da maganin feshi ce a Birnin Kudu. Da faranti na fara, ina ƙulla maganin ɓera a leda ina bin kasuwannin ƙauye, har Allah ya kai ni ga shago. Saboda haka in ana maganar ciniki, ban taɓa zaton akwai mai kayar da ni ba, balle tsohuwa.

Gwaggon nan yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ba ta ni tun daga yaye, na tashi a hannunta a wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Bayan mijinta ya rasu ta zauna ita kaɗai, da awakinta da 'yar gonarta a bayan gida. Da na gina gidana, ɗakin da ya fi kowanne shan iska na ware mata, na sa fanka, na sa katifa. Na yi lallashi, na turo manya, amsarta ɗaya ce: "Wa zai duba min masarata?"

Bangon ɗakinta na ƙauye kuwa cike yake da gidajen zanzaro, waɗannan 'yan ɗakunan laka da yake mannawa a lungu. Ina yaro na taɓa fasa ɗaya da kara, ta murɗe min kunne. Ta ce, "Zanzaro ba ya haihuwa. Tsutsar wani yake ɗaukowa, ya gina mata ɗaki, ya yi ta rera mata waƙa har ta zama ɗansa. Ka bar min ɗan'uwana." A lokacin ban gane da wa take ba.

Gab da faɗuwar damina abokina, wanda malamin gona ne, ya zo shago ya nuna min wata taswira a wayarsa. Ya ce masana sun haɗa zafin kowace ƙasa da yawan ruwanta da inda ake noman masara, suka fitar da wuraren da tsutsar za ta ji daɗin zama. Na duba, daga Birnin Kudu har Gwaram jawur.

Na ce, "Malam, wannan jan duk ita ce?"

Ya ce, "Inda za ta iya rayuwa ne. Akwai taswira ta biyu, ta ƙwarin da ke cin ta. Bari in nuna maka."

Na ce masa ya riƙe abarsa. Ƙwarin da ke cin tsutsa ba a zuba su a kwalba, ba ni da abin sayarwa a cikinsu. Washegari na nufi Kano na yi sarin magani, na cika shago har bakin ƙofa.

Kwalba ta farko da na ware ta Gwaggo ce. Na kai mata har gida da injin feshi, na yi mata bayani tiryan-tiryan. Gonarta tana kusa da rafi, ƙasar da danshi, ga masarar mutane ta kewaye ta ko'ina. Na ce in akwai gonar da tsutsar nan za ta fara sauka a garin, tata ce.

Ta sunsuna murfin kwalbar ta kawar da kai. "Ɗauke abin nan, Alhajin magani. Warinsa tayar min da tari yake. Ga wake a cikin masarar, harawarsa awakina za su ci. Kashe min su za ka yi?"

Na ce, "Gwaggo, in ba a yi feshi ba, kara kawai za ki girbe."

"Kai ka shuka ta?"

A nan ɗan kasuwan da ke cikina ya motsa. Na ce to mu yi ciniki. In tsutsa ta cinye gonar, ta tattara ta biyo ni Birnin Kudu. In ta samu abin da zai kai ta wata kakar, ba zan ƙara tayar mata da maganar ba. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce, "Allah ya sa albarka." Na hau babur ina jin kamar na sayi sa a kuɗin akuya.

Tsutsa kuwa ta zo kamar yadda taswira ta faɗa. Manoma daga Kiyako da Kangire suka riƙa zuwa shago da ganyen masara a hannu, duk huji kamar an harbe shi da bindigar toka. Tsutsar tana shigewa can cikin zuciyar masarar, inda sabon ganye ke fitowa, ta ci ta bar kashinta kamar dusa. Kafin damina ta raba, maganina ya ƙare. Da na leƙa Gwaggo na tarar ita ma an huda mata ganye. Na yi mata jaje da fuskar jimami, amma ina komawa gida na ce wa maiɗakina a share ɗakin nan a shanya katifar.

Da na sake komawa, masara ta yi goyo. Akwai waɗanda suka tsumbure, amma yawancinta tsaye take, kore shar. Gonar maƙwabcinta da ya yi feshi har ya gaji ba ta fi tata kyau ba. Abin ya ɗaure min kai, na ɗauko abokina a babur na kawo shi.

Ya shiga gonar ya tsuguna yana dube-dube. Can ya kira ni ya nuna min cinnaku sun taru suna jan wata tsutsa. Ya nuna min rina tana leƙa zuciyar masara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce akwai wasu ƙwarin ƙanana da ido ba ya kama su sosai, a jikin tsutsar ko a ƙwanta suke saka nasu ƙwan. Muna tsaye sai ga zanzaro ya wuce ta gabanmu, riƙe da tsutsa, ya nufi gidan Gwaggo.

Abokina ya ce, "Ka ga taswirar da ka ƙi kallo. Zafin da ya yi wa tsutsa daɗi, su ma ya yi musu. Nan ga furen wake da kuɓewa da yakuwa, ga inuwar ɗorawa, ga laka a bakin rafi, kuma ba a fesa musu guba ba. Ruwan saman da aka yi mai ƙarfi ma ya wanke wasu ƙananan. Ba zan ce maka kowace shekara haka za ta kasance ba. Amma kai ka lissafa baƙuwa, ba ka lissafa waɗanda za ta tarar a gida ba."

Muka dawo tsakar gida, Gwaggo ta dama mana fura. Abokina ya ga wani gidan zanzaro da ya faɗo ƙasa, ya ɗauka ya ɓare shi a tafin hannunsa. Tsutsotsi ne a ciki a cushe, ba su mutu ba, ba sa kuma motsi sosai. Ya ce, "Inna, kin gani? Harbinsu yake su sume. Sai ya saka ƙwansa a ciki ya toshe. In ɗan ya ƙyanƙyashe, su zai ci ya girma."

Na yi ta taka masa ƙafa, bai gane ba.

Gwaggo ta karɓa ta kai kusa da idonta. Ta ce, "Wato abinci yake tara wa ɗansa?"

"Ƙwarai, Inna."

"Ashe yana haihuwa." Ta juya lakar a hannunta. "Ashe ya fi ni."

Na ajiye furar. Na ce, "Gwaggo, rabu da shi, zancen 'yan boko ne."

Ta yi dariya ta goge hannu a zaninta. "A'a, gaskiya yaron nan ya faɗa, ga shi ina gani. Ba komai. In ba ɗan'uwana ba ne, ɗan ƙwadagona ne, ya yi min aiki bai nemi ko sisi ba." Ta nuna ni da ludayi. "Ni dai wanda na ɗauko ban cinye shi ba. Ga shi nan har ya yi tumbi, yana addu'a gonata ta lalace."

Na rantse ban yi addu'a ba. Ta ce shanya katifar fa? Ashe maiɗakina ta riga ta kai mata labari.

Da kaka rumbunta bai cika ba, amma abin da ta samu ya kai ta wata kakar har da na sadaka. Ciniki ya faɗa a hannunta, ni kuma ban taɓa warware cinikin da aka sa wa albarka ba. Ban ƙara yi mata maganar tashi ba. Sai na koma ni nake zuwa, ran kasuwa in na tashi da wuri, in zauna a tabarmarta in ci dafaffiyar masara, zanzaro na ta waƙarsa a saman kanmu. Ta ƙara 'yan shekaru a gidan, a nan Allah ya karɓi abarsa. Ko kwana ɗaya ba ta yi a ɗakin da na gina mata ba.

Har yanzu ina sayar da magani, kuma akwai gonar da in ba a fesa ba an yi asara. Sai dai in manomi ya zo yanzu, nakan tambaye shi me ya shuka a cikin masarar, da abin da yake gani yana yawo a gonar, kafin in miƙa masa kwalba. Wasu su ce Alhaji ya cika tambaya. Na kuma karɓi taswira ta biyun a wajen abokina, tana cikin wayata.

Amma ba cinikin shago ne ke tuna min da Gwaggo ba. Wani lokaci nakan ce da ma tsutsar ta yi nasara, da na samu 'yan shekarun nan ina jin tarinta ta bayan bango. Sai kuma in tuna yadda take tsayawa a cikin masararta, hannu a ƙugu, in ce gara da aka kayar da ni.

Ɗakin yana nan, ba mu sa kowa ba. Bara da damina maiɗakina ta shiga shara, ta kira ni, wai zanzaro ya ɓata mana fenti, ya yi gini a lungun da ke saman katifar. Ta riga ta ɗaga tsintsiya. Na riƙe hannunta na ce ta bar shi, ɗan'uwan Gwaggo ne ya zo ganin ɗaki.