Gudun da Na Ƙara wa Motar Baba Illo

Ku biyun nan da kuka fara koyon aiki a shagonmu, kun tambaye ni abin da ya sa Malam Sahabi ba ya yarda a miƙa wa mutum kwamfutarsa sai an zauna an gwada ta a gabansa. To ni Nafi'u, ni ne dalili. Har yau ban manta da wata Talata ba, bara bayan ƙaramar salla, ranar da na ga wata lamba a allon kwamfuta, na ce a raina ta yi kaɗan, na ƙara ta. Ba wanda ya sa ni. Hannuna ne ba ya iya zama wuri ɗaya, Inna ta ce tun ina rarrafe haka nake.

Lokacin watana biyar a shagon. Malam Sahabi shi ne maigida, shi kaɗai ke buɗe cikin na'ura ya taɓa waya da dalma. Ni kuwa babban muƙamina shi ne hure ƙura, sayo ruwan sanyi, da zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Amma in aka zo maganar wasannin kwamfuta, duk Ƙonni babu na biyuna. Ni dai haka na yanke, ban kuma nemi shawarar kowa ba.

Da safiyar ranar Baba Illo ya iso. Tsohon direba ne, ya yi shekaru yana ɗaukar siminti daga Malbaza a babbar mota. Da ya ajiye aiki, buron da ya yi wa tuƙi, wato ofishinsu, suka ba shi wata tsohuwar kwamfuta da za su yar. A bayan babur ɗinsa ya ɗauro ta da roba, kuma da na sauke ta sai da bayana ya yi ƙara har aka ji a tasha. Abu ɗaya ne a cikinta da ya dame shi: wani tsohon wasa na tuƙin babbar mota, zango biyar, da kwana-kwana da gada. Kullum bayan la'asar sai ya yi shi. Sai wuta ta dawo da ƙarfi wata rana ta ƙone na'urar. 'Yarsa da ke Yamai ta aiko masa da sabuwa, siririya, irin wadda ake naɗewa kamar littafi. Buƙatarsa a ɗauke masa motarsa daga tsohuwar a sa a sabuwar.

Malam Sahabi ya duba, ya ce na'urar ta mutu amma ma'ajiyarta na da rai. Ya ciro wasan ya sa mini a kile, ɗan abin nan da muke kwasar kaya da shi, ya ce in ƙarasa, shi an kira shi wata lakwal, makarantar boko, a Alela.

Ga yadda aikin yake, don ku ma za ku gamu da shi. Wasan ya girme ni nesa ba kusa ba, sabuwar kwamfuta ba ta ma san gaisuwarsa ba. Sai an sa wata 'yar manhaja da ke gina tsohuwar kwamfuta ta ƙarya a cikin sabuwar, wasan ya shiga ya ɗauka gidansu ne. Kuma irin waɗannan tsofaffin wasanni ba su da agogon kansu. Gudun da na'ura take yi, shi suke yi. Shi ya sa a cikin manhajar akwai wata lamba da ke cewa ga iyakar gudun. Wannan kashi na biyu daga baya na san shi.

Na sa manhajar, wasan ya buɗe, hoton mota ya fito, kiɗa ya tashi. Sai idona ya faɗa kan lambar. Na tuna mai tumatir ma in ta auna maka sai ta ɗora biyu a kai, balle tsoho mai mutunci irin Baba Illo. Na danna, na danna, na danna har lambar ta ƙi gaba. Ban tuƙa motar ko taku ɗaya ba, don abokaina na jirana a filin ƙwallo. Da ya dawo ɗauka na miƙa masa da hannu biyu, na ce, "Baba, motarka ta samu sabon inji." Ya sa mini albarka har sau uku.

Ranar Asabar da hantsi na ga babur ɗin Baba Illo ya tsaya a ƙofar shago. Ba a ɓata shi, buzun rago ne a kan sirdin. Amma wanda ya sauko Mushe Mamman ne, babban ɗansa, malamin lakwal, shi ya sa ake ce masa Mushe, ya zo a buga masa takardu. Malam Sahabi ya tambaye shi ko tsoho lafiya.

Ina tsugune ina hure wata na'ura na ji komai. Ashe shekara guda 'ya'yan Baba Illo suna fama da shi ya daina hawa babur zuwa gonarsa ta Bazaga, saboda manyan motocin da ke kan hanya. Shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum: su zo su ga yadda yake wuce zango biyar ba tare da ya goga motarsa ba. Ranar da ya kasa, da hannunsa zai ba da makulli. To tun Talata bai wuce kwanar farko ba. Ranar Alhamis ya kira Mushe ya miƙa masa makullin, ya ce ido ya tafi, hannu ya yi nauyi. Tun daga nan ba ya zuwa majalisa, abinci sai an yi da gaske, ga lokacin sharar gona ya zo ko maganarta ba ya yi. Mushe ya ce abin da suke nema ke nan, amma bai so ya zo ta haka ba.

Na ci gaba da hura na'urar nan har kaina ya fara juyawa. Da Mushe ya tafi na share shagon. Na sake share shi. Na jera wayoyin caji daga gajere zuwa dogo, na warware, na jera su ta launi. Malam Sahabi ya ɗago ya tambaye ni ko cinnaku ne suka shiga wandona.

Da ya fita alwala na zaro kilen, na sa wasan a kwamfutar shago, na kai lambar inda na kai ta ranar Talata. Kafin in ɗora yatsa motar ta bar gari, ta ci kwana, ta rungumi itace. Na gwada sau tara. Ni da babu na biyuna a Ƙonni, ban ga ko kalar kwana ta biyu ba.

Sai shawara ta zo mini, mai daɗi, mai sanyi. In na yi shiru wa zai sani? 'Ya'yansa sun samu abin da suke so, tsoho zai huta, ni kuma ba a kore ni ba. Na riƙe wannan shawara har azahar. A salla na kasa tuna raka'a nawa aka yi, albarkar nan uku da ya sa mini sai dawo mini take yi. Muna fitowa masallaci na tare Malam Sahabi na faɗa masa duka, da sauri, kamar motar.

Ya ce, "Ka gwada kafin ka ba shi?"

Na ce, "Ya buɗe, Malam."

"Ban tambaye ka ko ya buɗe ba."

Ya ce shi ba inda za shi. Ni na ƙara, ni zan je in rage, kuma da bakina zan gaya wa tsohon.

Bayan la'asar na isa gidan. Na wuce ƙofar sau biyu kafin in yi sallama. Baba Illo na zaune a zaure kan tabarma, sabuwar kwamfutar na gefe an lulluɓe ta da tsumma. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta jan gaisuwar har na tambayi lafiyar awaki. Da gaisuwa ta ƙare mini, na faɗi abin da na yi.

Ya daɗe yana kallona. Sannan a hankali ya ce, "Wato ba ni ba ne?"

Na ce, "Ba kai ba ne, Baba. Ni ne."

Ya dubi hannuwansa, ya juya su. Ya ce ni ja'iri ne, kuma in da a tasha ne da karen mota ya yi masa haka, da ƙafa zai koma gida daga Malbaza. Sai ya aika a kira Mushe Mamman ya zo ya zama shaida.

Nan wata matsalar ta taso. Wace lamba ce daidai? Tsohuwar na'urar ta mutu, ba wanda zai tambaye ta gudunta. Ni kuma da nake so tsoho ya ci ko ta yaya, sai na zaftare lambar ƙasa sosai, na tura masa. Ya kama tuƙi, bai yi nisa ba ya ɗage hannu.

Ya ce, "Wagga amalanken shanu ce. Makullin sadaka kake so a ba ni?"

Kun ga sau biyu ke nan a mako ɗaya ina yi wa mutum alherin da bai roƙa ba.

Ya ce in bar wayo. Ya rufe ido, ya kawo kunnensa kusa da na'urar, ya ce in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan yana sauraren kukan injin. Na ƙara, ya ce ƙara. Na ƙara, ya ce na wuce, in koma. Ƙafata sai rawa take yi a kan tabarma har ya dafa gwiwata ya tsayar da ita. Can ya ɗaga yatsa ya ce in tsaya nan.

Mushe ya ce a lakwal dai ba a barin ɗalibi ya zaɓi tambayoyin jarrabawarsa. Baba ya ce to ya matso ya saurara, ai shi ma ya sha satar tuƙa motar nan in an aike shi. Mushe ya matso, ya saurara, ya tuƙa kaɗan ya faɗa rami. Ya yi dariyar da bai shirya ba, ya ce gaskiya haka take, ko ramin bai canza wuri ba.

Baba Illo ya gyara zama ya yi bisimilla. Zango na ɗaya, na biyu, na uku. Ni na tashi tsaye, na zauna, na sake tashi. A gadar zango na huɗu na daina numfashi, ina jin har yau akwai numfashi biyu da ban karɓo ba. Ya wuce ta. Ya shiga zango na biyar ya fita, ko ƙwarzane babu. Amma ni da Mushe duk mun ga yadda ya yi ta matsowa, har gemunsa na share maɓallai.

Mushe ya zaro makullin ya ajiye a kan tabarma. Baba ya ɗauka ya jefa a aljihu. Sannan ya dubi Mushe ya ce, "Ran Litinin ka kai ni wurin likitan ido. Ni zan tuƙa, kai ka hau baya."

Abin da na koya shi ne, buɗewar abu ba ita ce gamawar aiki ba, kuma na'urar da aka kawo maka ba ka san abin da mai ita ya jingina a kanta ba. In ba ka san aikin lamba ba, ka bar ta inda ka same ta, ka jira maigida.

An ba Baba Illo tabarau. Har yanzu yana zuwa Bazaga a kan babur ɗinsa, in ya biyo ta gaban shago sai ya yi oda sau biyu. Lambar kuwa Mushe ya rubuta ta a takarda ya manna a murfin kwamfutar, a ƙarƙashinta ya ƙara da jan biro: kada Nafi'u ya taɓa.