Ramin da Ke Ƙeyar Sule

Jiya ina yi wa ƙanena Sule aski, na taɓa ramin ƙeyarsa, sai na tuna marigayi.

Shekarar samun 'yancin kai Sule ya faɗo daga motar auduga a hanyar Funtua. Ya warke, amma halinsa ya sauya. Ya naushi wani mai awon auduga, aka kai shi kotu.

Marigayin nan tsohon muhutin alƙali ne, mai ba alƙali shawara kan shari'a. Ya taso yana ƙamshin turare, ya lalubi kan Sule a hankali, sannan ya dubi alƙali.

"Allah gafarta Malam, taɓa nan ka ji. Ƙwaƙwalwa ta bugu. Likita ya duba shi tukuna."

Asibiti aka kai Sule, ba kurkuku ba. Haƙori biyu mai awo ya rasa, mu ba mu rasa kowa ba.

Allah ya sassauta wa marigayi hisabi, yadda ya nema wa Sule sassauci.