Nahar Apa, Wadda Ta Ce A Dawo Jibi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran Malama Shamsunnahar Khanam a gidanta da ke Rajshahi, sakamakon bugun zuciya. Mu da muka san ta ba ma kiran wannan dogon suna. Nahar Apa muke cewa, domin yaya ce gare mu duka, har da waɗanda suka girme ta. 'Yarta Rumana ce ta kira ni, ina kwance a ɗakina, labule a sauke kamar kullum. Ta ce, "Lutfa Khala, Ammu ta rasu." Khala take kirana, wato ƙanwar uwa, Ammu kuwa mama ke nan.

Apa, bari in faɗa wa mutane halin da kika same ni a ciki. Malamar firamare ce ni, har shekarar da zazzaɓin dengi ya shiga unguwarmu. Kowa ya kwanta ya tashi, ni na kwanta ban tashi ba. Gajiya ce wadda barci ba ya taɓa ta. In na daure na yi wanki yau, gobe in ji dama-dama, jibi kuwa ko cokali ya fi ƙarfina. An ɗebi jinina har na gaji da miƙa hannu, kowane sakamako ya fito fes. Daga ƙarshe likitoci suka ce ciwon gajiya mai ɗorewa ne, wasunsu suna faɗin sunan suna murmushi.

Ana cikin haka wata jarida ta buga labari a kan ciwon, da hoton wata 'yar gayu tana hamma a gaban kwamfuta. Marubucin, Enamul Kabir, ya kira shi ciwon masu hutu. Ya kafa hujja da wani bincike da aka yi a wani asibitin koyarwa, wai tattaki kullum ya warkar da mafi yawan masu fama da shi. Mijina Mizanur mutumin kirki ne, amma abu in dai an buga shi da tawada, a wurinsa magana ta ƙare. Kullum bayan sallar asuba sai ya kama hannuna mu nufi bakin kogin Padma. Ina tafiya ina ƙara lalacewa, shi kuma yana ganin ƙoƙari ne ba na yi. Da ya gaji da lallashi sai ya koma shiru. Wallahi ba kwanciyar ce ta fi ba ni tsoro ba. Tsorona shi ne in ƙare rayuwata gida ɗaya da mutumin da ya yi imani ba na son warkewa.

Mai kemis ɗin layinmu ne ya ba ni lambarki. Ya ce akwai wata tsohuwar malamar lissafin ƙididdiga a kwalejin mata, wadda irin wannan ciwo ya raba da aikinta tun da daɗewa. Na kira ki, na fara jero hujjoji kamar mai kare kanta a gaban alƙali. Kika katse ni kika ce, "Ke, ajiye numfashinki. Na yarda da ke. To, yanzu faɗa mini." Ranar na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa.

Daga kan gadonki kika haɗa mu, mata da maza, daga nan har Khulna da Sylhet, duk ta waya. Mafi yawanmu ba mu taɓa ganin fuskar juna ba. Kin kasance mai tsauri a kan ɓarnar ƙarfi. Kika ce ƙarfinmu ruwan randa ne a ranar da famfo ya ɗauke, kowane moɗa a san inda za shi. In mutum ya cika surutu a waya sai ki ce, "Ya isa, rage na gobe," ki kashe. Da farko na ɗauka wulaƙanci ne.

Binciken nan da aka riƙa dukanmu da shi, ba ki zage shi ba, karanta shi kika yi. Idonki ba ya jure rubutu, sai Rumana ta riƙa karanta miki kaɗan-kaɗan, ki huta, a ci gaba. Kika gano cewa ana tambayar mutane yadda suke ji ne a ranar da suka yi tattakin, ba bayan kwana biyu ba, lokacin da jiki ke faɗin gaskiyarsa. Kika kuma gano cewa duk wanda ya daina zuwa asibitin an cire shi daga lissafi. Da kika yi cigiya a cikinmu, wasu daga cikin waɗanda suka daina zuwan suka amsa, kuma ba warkewa ce ta hana su komawa ba, tashi ne ya gagare su. Kika ce in mai biki ya ƙirga waɗanda suka zauna har ƙarshe kawai, dole ya ce abincinsa ya yi daɗi.

Wasunmu sun so a kira masu binciken maƙaryata a bainar jama'a, ni ma ina ciki, don zuciyata a wuya take. Kika hana. Kika ce ba maƙiyanmu ba ne, mu ne muka fi kowa bukatarsu, awonsu kawai muke so su gyara. An share ki, an kira ki mai neman fitina, ba ki fasa ba, ba ki kuma ɗaga murya ba. An daɗe kafin su buga gyara, amma sun buga, kuma binciken da ya biyo baya har gida aka riƙa bin marasa lafiya.

Shi kuwa ɗan jaridar, da kika ji ya shiga gidajen masu ciwon kafin ya yi rubutunsa, dariya kika yi. Kika ce mana, "Ai mu muka yi wa kanmu. Baƙo ya yi sallama, kowace ta ja jiki ta ɗaura sarin biki, ta soya wainar shinkafa, ta matsa masa sai ya ƙara. Me kuke so bawan Allah ya rubuta?" Gaskiya kika faɗa. A garin nan mace ta gwammace ta faɗi a kicin da a ce baƙo ya fita daga gidanta bai sha shayi ba. Abin da ke biyo baya kuwa, bayan an rufe ƙofa yake zuwa.

Rannan sai kika ce in ba mijina wayar. Ina jin ki kina kiransa Bhai, wato ɗan'uwa, kina cewa, "Mizan Bhai, alfarma nake nema. Na gayyaci ɗan jaridar nan, bai san gidana ba, kai kuma kana da babur. Ka kawo mini shi ranar Asabar." Mizanur ba ya iya ƙin babba. Ya kai shi. Kika fito falo da ƙafarki, cikin sari mai kyau, kika zuba musu shayi da hannunki, kika yanka mangwaro, kika yi ta ba su dariya. Da za su tafi kika ce sharaɗinki ɗaya ne, kada a rubuta komai sai sun dawo jibi. Da mijina ya shigo gida ya ce, "Maman Mitu, ga wadda ta fi ki daɗewa da ciwon, yau har bakin ƙofa ta raka mu." Na juya fuskata bango. Na ji haushinki a ranar, Apa, haushi sosai.

Ranar Litinin suka koma. Rumana ta ce su cire agogo mai ƙara, su yi magana da raɗa. Suka same ki a ɗaki mai duhu, an ɗaure miki ido da ƙyalle, 'yarki tana ɗiga miki ruwa da cokali saboda kofi ya fi ƙarfin hannunki. Mizanur ya ce sai da ya sunkuya kafin ya ji abin da kike cewa: "Kuɗin shayin shekaranjiya ke nan. Ku duba da kyau." Enamul ya sake rubuta labarinsa, ya amsa kuskurensa da sunansa, kuma bai sa hoton mai hamma ba. Mijina kuwa da ya dawo ya daɗe tsaye a bakin ƙofata. Can ya shigo ya gyara labulen da haske ke ratsowa, ya zauna a ƙasa kusa da gadon ya ce, "Ban sani ba, Lutfa." Washegari bayan asuba bai tashe ni ba.

Wannan shayi ya kwantar da ke har damina ta wuce, kuma Rumana ta ce ba ki ƙara komawa yadda kike ba. Kin san haka zai iya faruwa, ke da kika hana kowannenmu gwada irinsa. Da muryarki ta dawo na tambaye ki me ya kai ki. Kika ce, "Ɗan jarida ai ko a waya na iya da shi. Mijinki ne ba ya jin magana sai ya gani." Kin ɗebi ruwan da ya rage miki kin zuba mini, alhali ko fuskata ba ki sani ba. Na gode, Apa. Na faɗa miki kina raye, ina kuma maimaitawa a gaban jama'a.

Ranar da kika rasu na yunƙura zan ɗaura mayafi in je gidan makoki. Mizanur ya tare ƙofa ya ce, "Ba inda za ki. Ni zan je mana." Ya je, ya sa kafaɗarsa a makararki. Wannan ta'aziyya ma da hannunsa aka rubuta ta, ina faɗa daga kwance, yana tsayawa duk lokacin da ya ga numfashina ya canza. Da muka zo kan labarinsa na ce ko a cire. Ya ce a bar shi, akwai mazan da ba su sani ba tukuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rumana, wadda ta zama idon mahaifiyarta da hannunta, da sauran dangi, da 'yan'uwana da ke makoki kowa a ɗakinsa. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ya Allah ka jiƙan Shamsunnahar, ka gafarta mata, ka sa jinyarta ta zama kaffara, ka yalwata kabarinta. Ka ba ta hutun da ta nema a duniya ba ta samu ba, ranar tashi kuma ka tashe ta babu nauyi a jikinta. Amin.