Sandar Gezar Kawu

Duk lokacin da na ji warin baƙin mai a kan ƙarfe mai zafi, sai kawuna ya faɗo mini a rai. Sarjan ne a garejin sojoji a Madawa, kuma a gidansa na tashi, ni kaɗai ce mace cikin 'ya'yansa.

Bayan girbi, idan hanya ta bushe, sojojin kan yi tsere da tsofaffin motocinsu zuwa Buza su dawo. Kawu ke shirya motar laftanansu. Yakan yi sati biyu a ƙarƙashinta, ya wanke kowane ƙarfe da isansi, wato fetur, ya rage iskar taya saboda rairayin ƙorama. Amma abin da ya fi ba yaran gareji dariya shi ne sandarsa ta geza. Sai ya ɗora bakinta a kan inji, ya ciji ɗaya bakin da haƙora, ya rufe ido.

Mu na gida mun san dalili. Ƙarar bindiga ta cinye kunnuwansa, da haƙora yake jin motsin inji. Da manya sun gane, da an cire shi daga gareji, kuma garejin nan ne rayuwarsa. Shi ya sa matarsa ta hana mu faɗa, ko da wasa.

Ranar tsere muka tsaya bakin fili muna kallo. Yaran suka ce mota lafiya lau. Kawu ya ciji sanda, ya daɗe, ya ce, "Buji na ukku na ƙarya. Ba ta hawan dutsin Buza hakanga."

Laftanan yana bayansa. Ya kira shi sau uku, Kawu bai waiwaya ba. Laftanan ya dubi sandar, ya dubi kunnen Kawu, sannan ya ce a kwance bujin, wato fulogin inji. Aka same shi a tsage.

Motar ta dawo ta biyu. Biyu daga cikin sauran a kan dutse suka tsaya, sai jawo su aka yi.

Washegari Kawu ya sa kakinsa mai guga, ya tafi karɓar takardar sallama, don a ganinsa asirinsa ya tonu. Laftanan ya tara yaran, ya tsaya daidai fuskar Kawu, ya yi magana a hankali don Kawu ya ga bakinsa: "Daga yau, duk mai magana da sarjan shi zo gabanai shi tsaya. Har ni."

A garejin Kawu ya ƙare aikinsa.

Yanzu idan na kai motata gyara, na'ura ake jona mata, ta rubuto ciwon a allo. Ba na raina ta. Amma sandar tana cikin akwatina, kuma da na ɗauko ta nakan sa yatsa a gurbin haƙoransa.