Ɗakin Malam a Bayan A-kori-kura

Ni mace ce mai jiki, tun ina budurwa haka Allah ya yi ni. Na fara da wannan ne domin duk abin da zan faɗa a kansa ya rataya. Ban iya rubutu ba, autata ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Shekarar da ɓarin jikin Malam ya shanye muna cikin noman farko. Malam mijina ne, Allah ya jiƙansa. A gonar gero ta bayan gida ya faɗi, aka ɗauko shi a hannu. Da aka sallamo mu daga asibiti a birni, likita ya ce a riƙa kawo shi gashi duk mako ana motsa masa gaɓoɓi, in ba haka ba hannun da ƙafar za su sandare. Daga ƙauyenmu zuwa kwaltar Bici hanya ce ta burji, ramuka da gargada, tana ratsa gonakin mutane. Malam kuwa ba ya iya zama. In aka zaunar da shi a kujerar mota sai ya sulale gefe kamar an jingina tabarma.

Ɗana na fari yana da a-kori-kura da yake ɗaukar hatsi da taki. Shi ya yi shawarar a yi wa mahaifinsa ɗaki a bayanta. Ba a bakinsa na ji ba, a bakin matarsa na ji, don ni da shi ba ma magana. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, da aka yaye shi ma kakarsa ce ta ɗauke shi. In ya shigo gaisuwa yakan durƙusa a bakin ƙofa ya ce, “Inna, ina kwana,” ni kuma in amsa ina duban tukunya. Duk abin da ke tsakaninmu ta hannun matarsa yake bi. Haka muka taso muka tarar, ban kuma taɓa jin ya takura mini ba sai a wannan shekarar.

Mai walda a Bici ya haɗa ɗakin. Ƙarfe ne aka rufa da kwano, da ’yar taga a gefe, da gado na ƙarfe da aka liƙe da bodin motar, da benci kusa da gadon inda mai jinya zai zauna. Ta baya ba ƙofa, labule aka rataya. Ranar da aka kawo shi yara suka cika ƙofar gida suna leƙe.

Tafiyar farko ba ta yi daɗi ba. Sifirin motar, fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta a kan taya, ya tsufa, ga nauyin ƙarfe, ga gado, ga ni. Bayanta ya zauna har taya tana gogar bodi. Duk ramin da muka faɗa sai ƙarfe ya daki ƙarfe, Malam ya runtse ido. Washegari yaron ya kai ta gareji.

Ƙanin Malam ne ya raka shi, shi kuma ya dawo da labarin. Abokin wasana ne tun ranar da aka kawo ni gidan, bakinsa ba ya ajiye magana. Ya shigo tsakar gida ina tankaɗe, matan gida suna nan, ya ce:

“Matar yaya, yau an yi miki hidima. Bakanike ya ƙara falle a sifirin, ya ce ya isa. Ɗanki ya ce a ƙara. Bakanike ya ce, wai siminti za ku ɗauka? Sai na ce a’a, uwargida ce za ta shiga. Nan take ya ɗauko wani fallen.”

Matan suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce, “Kai da iska ke ɗauka in ka buɗe riga, ai dole ka ga kowa da nauyi.” Na ɗauka a nan ta tsaya.

Ba ta tsaya ba. Kafin mako ya zagayo labarin ya je bakin rijiya, ya je wajen niƙa, ya je gindin darbejiyar da maza ke zama a ƙofar masallaci. Motar ma ta taimaka musu, don bayanta ya ɗaga sama kamar akuya na cin ganye a kan katanga, kowa ya gani sai ya tambaya. Da can ina kama ƙarfe in hau, yanzu sai da aka kifa mini turmi. Ranar tafiya na fito da mayafina, maza suna zaune. Na taka turmin, na ɗaga ƙafa, motar ta yi ƙasa a hankali tana ƙara. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, wani dattijo ya kama tari. Na ja labule, fuskata kamar an kara mini garwashi. Shekaruna sun wuce na a kalle ni, ga shi kuma ina shiga ɗaki da mijina da rana tsaka a gaban surukai da ’ya’yan cikina.

A hanya na lura da wani abu. Dukan ƙarfen ya daina, amma motar ta yi tauri. Yaron ya yi tunani irin na mai ɗaukar hatsi, cewa in an ƙara ƙarfi an ƙara lafiya. Ashe sifirin da ya yi yawa ba ya lanƙwasa sai da nauyi a kansa. In na matsa can baya wajen labule, sai tafiyar ta yi laushi. In na dawo gaba, sai gadon ya riƙa tsalle. Don haka na zauna daidai kan taya, na miƙa hannu na dafe kafaɗar Malam da ta mutu, kada ta zame daga katifa. In yawu ya zubo masa in goge da bakin zanena. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa cewa maganar ƙanin mijina ta zama gaskiya?

Da na koma gida na yi kuka a ɗaki, surukata ta gan ni. Ita ta kai wa mijinta. Shi kuma, don ya rufa mini asiri, ya aiko ta da saƙo cewa Inna ta huta, ba sai ta sake wahala ba, ya sami dabara. Ni na ɗauka kunyata yake ji a gaban abokansa, shi ya sa ya cire ni. Shi ya ɗauka abin da nake so ke nan. Da muna magana, da kalma ɗaya ta warware komai. Na ce mata, “To.”

Dabarar ita ce buhunan dawa. Ya jera su a inda nake zama, ya ɗaure da igiya, ƙanin Malam ya zauna a gaba. Suka tafi, na tsaya a zaure ina jin ƙarar motar har ta ɓace. Da yamma suka dawo, gwiwar hannun Malam ta goge da ƙarfen gado ta yi jini, rigarsa ta jiƙe da yawu har ƙirji. Bai ci tuwo ba.

Mako na gaba aka kawo mota, aka shigo ɗaukar Malam, ya riƙe ƙafar gadonsa da hannun mai lafiya. Maganarsa ta lalace tun faɗuwar, ni kaɗai nake ganewa sosai. Ƙaninsa ya ce, “Me yake cewa?” Ni kuwa na ji Malam sarai. Cewa ya yi, “Dawa ba ta riƙe ni.” Ya sake cewa, “In ba ke, ba ni zuwa.”

Surukata ba ta nan, ta tafi gidan suna a Minjibir. Ba wanda zan aika. Rana tana ɗagawa, in aka makara layin gashi ya wuce, kuma na san halin Malam, in ya fasa sau ɗaya ya fasa ke nan. Na ɗauki mayafi na fita. Yaron yana ƙara ɗaure buhunan, mazan suna gindin darbejiya kamar kullum. Na tsaya a bayan yaron. Ban san da me zan kira shi ba. Na ce:

“Kai. Sauke dawar nan.”

Ya juyo ya gan ni, ya durƙusa a ƙasa da igiyar a hannunsa. Ya ce, “Inna, don mutane ne na…”

Na ce, “Na fi ta nauyi, kuma ina da hannu. Kawo turmi.”

Duk wanda ke gindin bishiyar ya ji. Ƙanin Malam ya dube ni, ya je ya ɗauko turmin da kansa. Aka sauke buhunan, aka kwantar da Malam, na taka na hau, motar ta yi ƙasa tana ƙararta. Na zauna kan taya na dafe kafaɗarsa. Muna barin gari Malam ya ce wani abu, na sunkuya. Wai, “Yanzu ta yi daidai.” Rabin bakinsa yana dariya. Na ce, “Kai ma har da kai, Malam?” Na rufe fuska da mayafi, ban buɗe ba sai da muka hau kwalta.

Haka muka yi ta zuwa har aka yi girbi. Kunyar ba ta ragu ba ko sau ɗaya. Amma hannun ya saki har ya koma riƙe ludayi yana shan kunu da kansa, yana kuma jan carbi. Bayan an gama sussukar dawa ciwon ya sake bugunsa, wannan karon bai tashi ba. Har yau in na tuna shi hawaye ke zuwa, ba na kuma ɓoyewa.

An sauke ɗakin, yana jingine a bayan rumbu. Sifirin kuwa ba a rage ba, motar tana nan da bayanta a sama, in ba kaya tana tsalle a kan gargada. Ni da yaron mun koma yadda muke, yana gaishe ni daga bakin ƙofa. Sai dai in zan je unguwa ba na bi ta gindin darbejiya, ta bayan gida nake zagayawa, ta gonar geron.