Gwajin Ƙirji a Tashar Jiragen Ruwa

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a Mahjar, unguwarmu ta baƙi a ƙasar waje, ban da shekarar da aka hana shan taba a jirgin da Baba yake aiki.

Ƙaramin jirgin ruwa ne mai jan manyan jirage zuwa tasha. Ɗakin hutawar ma'aikata yana can ƙasa, ba taga. A nan Baba ya yi shekaru yana busa sigarinsa, kusa da wani abokinsa mutumin Nijar da muke kira Kawu. Kawu bai taɓa sa taba a baki ba.

Kamfani ya ba su wa'adi zuwa bayan azumi. Aka raba musu cingam na masu son bari, aka ce za a yi wa kowa gwajin ƙirji. Wanda ya faɗi, kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ba zai sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama a ƙasar. Mu kuwa duk a kan iƙamar Baba muke zaune.

Ni yaro ne marar magana, kullum kaina cikin littafi. Na karanta cewa wata ƙasa ta hana sojojinta shan taba a jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku, saboda iskar ciki ɗaya ce, ita kowa yake shaƙa. Da ƙyar na iya gaya wa Baba wata rana bayan shan ruwa.

Ya kunna sigarinsa ya ce, "Ustaz, namu jirgin a saman ruwa yake."

Kawu, da ya sha ruwa a gidanmu ranar, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Bar yaro ya yi maka wa'azi, kai mai bakin murhu."

Ranar da sakamako ya fito, Umma ta kasa cin abinci. Baba ya shigo bayan la'asar, ya zauna bai cire takalmi ba.

"Na wuce," ya ce.

Umma ta fara hamdala, ya ɗaga mata hannu.

"Kawu ne bai wuce ba. Huhunsa ya lalace. Sun ce halas, shi ke nan."

Aka mayar da Kawu ƙasar da ya baro tun yana saurayi. Bai kai azumin gaba ba. Baba bai sake taɓa sigari ba, bai kuma sake kirana Ustaz ba.

Tun daga lokacin na san cewa idan ɗaki rufe yake, abin da ka hura ba naka ba ne kai kaɗai, kuma ba lallai kai ne zai fara kayarwa ba.