Injiniya da Kayan Aro

Bango ɗaya ne tsakanin shagon ɗinkina da situdiyon Injiniya, bangon ma na katako. Duk waƙar da ya haɗa ni ke fara jin ta, ina so ko ba na so. Na haddace baitocin da masu su ma sun manta.

Ɗakin nasa ɗan tsukuku ne: baƙin soso a jikin bango, kwamfuta, sifika biyu, da kujerar da ta lotsa daidai zamansa. Aikinsa a kawo masa murya da kiɗa a warwatse, ya daidaita su har su zauna lafiya da juna. A manhajar da yake aiki da ita, kowane layin sauti yana zuwa da maɓallansa na gyara, na ƙara kauri, na ƙara tsini, na danne murya in ta yi tsalle. Su yake kira 'yan gida. Samarin yanzu kuwa sai sun sayo wasu daga waje sun ɗora a kai, filogin suke ce musu.

"Kayan aro ba ya rufe katara," yakan ce in an yi masa zancensu. "'Yan gidan nan, ko ido a rufe hannuna ya san su."

Ya kuwa yi zamaninsa. Akwai lokacin da mawaƙa ke layi har ƙofar shagona, su cinye min benci, su hana ni sakat. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa kowa ya kama gabansa, amma ba ka ganin kaɗaici a fuskarsa, domin kullum ɗakin a cike yake.

Sai ƙafa ta fara ɗaukewa. Ba wanda ya yi faɗa da shi. Mutum zai karɓi waƙarsa, ya ce Allah ya ƙara basira, ya tafi ke nan. Ni ta bango ina jin waƙoƙin sun yi wani tsini, kamar ana kankare tukunya da cokali. To amma ni tela ne, me na sani a sauti? Waɗanda suka sani ɗin kuwa kara ta rufe musu baki. Wannan kara tamu tana ba ni haushi, mutum na nutsewa ana yi masa sannu da wanka.

Mawaƙiya ɗaya ta rage masa, wadda ya fara ɗaukar muryarta tun tana 'yar makaranta. Ita ce ta yi ƙarfin halin magana, ita ma a kaikaice.

"Baba, ko dai 'yan gidan nan ne suka tsufa? Kowa fa filogin yake sawa yanzu. Ga sabuwar waƙata, ka gwada mana."

Ya san abin da ke ƙasan maganar. In wannan ba ta yi daɗi ba, ita ma ta tafi.

Sai ga Injiniya ya haɗiye girman kai ya sayo kayan aro. Fuskar kwamfutar ta cika da tagogi kala-kala, wani da fitilu, wani da allura mai rawa. Shi kaɗai yake koyo, tabarau a ƙarshen hanci, abincinsa na hucewa a gefe. Wani lokacin ya leƙo shagona ya ce, "Tela, ba wanda ya neme ni da na fita?" In ce babu. Ya ɗan tsaya yana taɓa yadudduka kamar mai son saye, sannan ya koma. Tausayinsa yakan kama ni har in kasa zura zare.

Ran nan da rana wani siririn fito ya taso daga ɗakinsa, ya ƙi tsayawa. Matar da nake auna wa riga ta toshe kunne, jaririnta ya tsanyare da kuka. Na jure har na gaji, na ajiye almakashi na tura ƙofarsa a fusace.

Na same shi a zaune yana gyaɗa kai, yana murmushi.

"Yauwa, Tela, zo ka ji. Yau dai na samo ta. Ka ji yadda muryar ta fito tas?"

"Injiniya, fiton nan fa? Zai fasa mana kai!"

"Wane fito?"

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar. A ɗaya daga sababbin tagogin, allurar ƙarar sama ta manne a ja. Ya murɗa tsinin ne har ƙarshe, yana neman sautin da kunnensa ya daina ji, kamar yadda ya daɗe yana yi da 'yan gidansa. Ya sa hannu a hankali ya kashe.

"Ya tsaya?" ya tambaye ni.

"Ya tsaya."

"Tun yaushe yake yi?"

"Ya jima."

Ya shiga rufe tagogin ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya zaro wayarsa ya miƙo min.

"Kira min yarinyar nan, ka ce ta zo ta kai waƙarta wani wurin, kada in ɓata mata. Kai ka yi magana da ita. Muryarta siririya ce, na daɗe ina cewa wayar ce ta lalace."